Dabarar Nazario

Akwai wani mutum a garin Juárez mai suna Nazario Quiñones, yana aiki a masana'antar haɗa tankunan roba na motoci. Aikin ba gam, ba ƙusa. Tanki rabi biyu yake zuwa, inji ya manna bakin kowane rabi a jikin ƙarfe mai zafi har ya narke, sannan ya matse su su zama abu ɗaya.

Maɓalli biyu ne da injin, dama da hagu, kuma ba ya sauka sai ka danna su tare. Wanda ya ƙera shi ya ɗauka mutane suna son hannayensu.

Nazario ya ga wannan ɓata lokaci ne. Ya sami guntun roba ya cusa a maɓallin hagu, ya danne shi dindindin. Dama tana dannawa, hagu tana jera na gaba. Kafin a tashi aiki ya ninka kowa.

Doña Chayo, dattijuwar da ke injin gefensa, ta leƙo ta ce, "Kai ɗan nan, ka ajiye wani hannun ne a gida?"

Ya ce, "Doña, ci gaba da rarrafenki. Ranar da kika gama tankin nan za mu kira makaɗa."

Aka kwashe da dariya.

Manyan masana'anta sun lura kaya sun ƙaru, amma cikin ikon Allah babu ɗayansu da ya lura da guntun robar. Aka liƙa hoton Nazario a bango, aka ba shi shugabancin layi. Abin ya bazu har ga masu aikin yamma, suna kiransa dabarar Nazario. Sunan bai ɓata masa rai ba.

Ana nan ƙanwarsa Ofelia ta zo daga ƙauyensu neman aiki, ya sama mata gurbi a aikin yamma. Ranar da za ta fara, ya ja ta gefe.

"Ke, da hannu biyu za ki riƙa dannawa. Kin ji ko?"

"Na ji, Yaya."

Ashe dai ya san abin da injin yake iyawa. Hannun 'ya'yan wasu ne bai dame shi ba.

Ofelia ta bi maganarsa, sai abokan aiki suka sa ta gaba. "Wai wannan ce ƙanwar Nazario? Anya ba a asibiti aka musanya ki ba?" Da tsiyar ta ishe ta, ita ma ta nemi guntun roba.

Wata rana rabin tanki ya karkace. Ta zura hagu ta gyara shi, dama kuwa ta yi abin da ta saba. Injin ya sauka. Bai san bambancin roba da nama ba.

Likita ya ceto babban yatsa. Sauran sun tafi.

Nazario ya tsaya a bakin gadonta. "Ban ce miki hannu biyu ba?"

Ta ce, "Ka ce, Yaya. Amma ba maganarka aka liƙa a bango ba."

Masana'anta ta yi bincike cikin tsanaki, ta gano laifin Ofelia ne, don ta karya dokar tsaro. Aka sallame ta.

Tun daga ranar Nazario yake bin injina ɗaya bayan ɗaya yana zare guntayen roba. Wani ma'aikaci ya riƙe masa hannu ya ce, "Haba Nazario, kai da dabarar nan ka hau, mu za ka hana?"

Yana juya baya suke mayarwa, kuma har yau da sunansa suke kiranta.

Darasi: Mugun abin da ka koya wa mutane ba ya tsayawa inda ka ce ya tsaya, kuma ba ya tambayar wane ne naka kafin ya cutar. Ku tura wa duk wanda yake ganin dokar tsaro ta matsorata ce, tun yana da yatsun buɗe saƙon.