Ƙullin Nomau a Ƙafar Gwanki

An yi wani mutum, wani bawan Allah maharbi, a wani gari can bakin daji, tun ba a san bindiga ba. Sunansa Nomau. Baka da kwari da 'yar gonar dawa, su ke nan dukiyarsa, amma ransa fes.

To, ku saurara. Dajin nan a da gwanki ne garke-garke. Aka wayi gari saura 'yan tsiraru, ko ashirin ba su kai ba. Sarkin Dawa, shugaban maharba, ya tara mutanensa ya ce, "Kyarketai ne suka cinye mana su. A shiga a rage su, ko gwanki ya samu ya hayayyafa." Aka shiga. Nomau gwani ne, cikin wata guda ya kashe bakwai. Kowanne ya faɗi sai ya nemi gafarar Allah, don ba ƙiyayya ce ta sa shi ba.

Rannan da hantsi yana bin sawu gefen tafki, sai ga mushen gwanki mace, da ciki, kyarketai sun ci rabi. Ya duƙa. Me zai gani? Igiyar tarko a ƙafarta! Ku sani, a garin nan kowane maharbi da irin ƙullinsa, don kada a yi rigima kan nama. Ƙullin nan kuwa nasa ne, tarkon da ya ɗana tun kaka bai koma ya cire ba. Dokar maharba kuma ita ce duk wanda tarkonsa ya kama mai ciki, ya rataye baka shekara biyu.

Babu kowa a wurin, jama'a, babu kowa. Ga wuƙa a ƙugu, ga tafki. Yanka ɗaya, ya jefa igiyar a ruwa, laifi ya koma kan kyarkeci, shi kuwa kyarkeci ba zai zo ya kare kansa ba. Ni da ku, me za mu yi? Kada ku amsa, na san ku!

Nomau ya kwance igiyar ya kai gaban Sarkin Dawa.

"Ranka ya daɗe, wannan tawa ce. Ni na kama gwanki mai ciki da ita, kyarkeci tsinta ya yi."

Sarkin Dawa ya ce, "Nomau, wa ya gan ka?"

"Wanda ya halicce su duka biyun."

"Ka dai san hukuncin?"

"Na sani. Amma ko mun ƙarar da kyarketai kaf, muddin igiyoyinmu na cikin ciyawa gwanki ba zai dawo ba, ga alhakin dabba a wuyanmu."

Washegari maharba suka bazu, kowa yana sunkuyar da kai, aka tono tarkuna sun fi arba'in. Sarkin Dawa ya ce kisan kyarketai ya isa haka.

Nomau ya rataye baka ya kama fartanya. Shekara biyu yana cin tuwo ba nama, matarsa tana tsokanarsa da "maharbin kuɓewa", yana dariya har da ƙyaƙyatawa. Ya ce bai taɓa jin daɗin abinci irin na lokacin ba. A damina ta uku aka ga 'ya'yan gwanki suna tsalle bakin tafki.

'Yan uwa, gaskiyar da ta fi wuya ita ce wadda za ka faɗa a kan kanka, alhali ga wani mai baƙin jini da za ka iya ɗora wa laifin. Yaronka ya lalace ka ce abokai ne. Kasuwa ta tsaya ka ce maƙiya ne. Wataƙila da hannunsu, ban musa ba. Amma kafin ka ɗauki baka, je ka duba ko akwai abin da kai ka ɗana ka bari. Allah ya ba mu ikon faɗa.