Bangon Ƙanƙarar Baba Orest

Akwai wani dattijo a garinmu, nan Manitoba, mai suna Orest Pawluk. Ku da kuke bin shafin nan daga cikin gari kun san shi. Shi ne mai jar hular nan da ke zama bakin taga a shagon kofi, wanda in ka ce masa yau Laraba sai ya tambaye ka wa ya gaya maka. Da izininsa nake ba da labarin nan, kuma ya ce kada in rage komai.

Shekara arba'in da biyar Orest ya yi yana noman alkama. Da gwiwoyi suka fara yi masa gardama, sai ya sayar da gonar, ya dawo cikin gari da matarsa Nadia, suka sayi ɗan madaidaicin gida. Ba a daɗe da yi wa Nadia tiyata a ƙugu ba. Da sanda take tafiya, don haka kusan kullum tana gida kan kujerarta tana saƙa.

Mutumin kirki ne, ba zan ci haƙƙinsa ba. Sai dai tun yana ɗan shekara sha huɗu yake kwance tarakta ya ɗaure da hannunsa, shi ya sa yake ganin babu ƙarfen da zai gagare shi, kuma babu mai koya masa komai.

Gab da shigowar sanyi, tsohon injin ɗumama gidan ya mutu. Aka kira Marlene Friesen, wadda ita ce ke saka injin gas a garin. 'Yar maƙwabcinsa ce na gona, a gaban idonsa ta girma, kuma nan matsalar take.

Da ta gama kafa sabon injin a ɗakin ƙasa, sai ta fito da shi waje ta nuna masa bangon arewa. Wasu fararen bututu biyu ne suka leƙo daga bangon, tsayinsu daga ƙasa bai wuce cinyar mutum ba.

"Baba Orest, ka ga waɗannan? Wannan yana shaƙo iska, wannan yana fitar da hayaƙi. Duk ranar da dusar ƙanƙara ta sauka, kafin ka share ƙofar gida, fara share nan."

"Hayaƙi ta bango? Bututun da ke kan rufi fa?"

"Na rufe shi. Sabon injin ba ta can yake numfashi ba."

Orest ya kwashe da dariya. "Ikon Allah! Yarinyar da na tsamo daga kududdufi tana kuka da majina, yau ita ke koya mini hayaƙi."

"Na gode da tsamowar, Baba. Amma dai a riƙa sharewa."

Kafin ta tafi ta manna wata 'yar ƙararrawa a bangon falo. Ta gaya musu in bututun ya toshe, iskar da za ta dawo cikin gida guba ce, ba ta da wari, ba ta da launi, ƙararrawar kaɗai ke jin ta. Nadia ta saurara da kyau. Orest kuwa yana can yana duban agogo.

Marlene tana da wata ɗabi'a. Duk safiyar da aka wayi gari ƙanƙara ta zuba, kafin ta fara aikin ranar, sai ta zaga gidajen tsofaffin da ta saka wa inji. Daga kan titi take duba bango. In ta ga farin tururi yana fita, ta wuce. In ba ta gani ba, ta sauko da shebur. Ba wanda ya sa ta.

Ƙanƙarar farko da ta sauka a Nuwamba, ta shiga filin gidan Orest ta fara sharewa. Sai ga shi ya fito ko riga bai gama sawa ba.

"Ke! Wa ya aiko ki? An gaya miki na mutu ne?"

"Wucewa nake, Baba, na ce bari in..."

"To ci gaba da wucewa. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Kada ki ƙara taka mini fili."

A gaban maƙwabta ya faɗi haka, har da ni. Wallahi na ji kunya a madadinsa. Marlene ta mayar da shebur ɗinta mota. Daga baya ta gaya mini maganar ta yi mata ciwo ƙwarai, har ta yi rantsuwa ba za ta ƙara bi ta layinsa ba.

Yanzu ku yaran yau ba ku san wata al'ada ta manoman da ba. In ƙanƙara ta zuba sosai, sai su kwashe ta su jibga a jikin bangon gida, zagaye ɗaya, har kusan taga. Tana tare iska, ƙasan ɗaki ya daina sanyi. Haka mahaifin Orest ya yi, haka shi ma ya yi duk shekarunsa a gona, kuma tana aiki.

A Janairu aka yi wata guguwa ta kwana biyu. Da ta lafa, Orest ya fito da shebur yana murna kamar an yi masa albishir. Ya jibge bango huɗu, ya daddaɓe. Bai manta da bututun ba fa, kada ku ce tsufa ne. Da ya zo kansu sai ya rufe, sannan ya huda ɗan rami da ƙotar shebur, ya ce ai iska ba ta buƙatar babbar ƙofa.

Iska ta cike ramin da ƙanƙara, tururi ya daskare a kai.

Washegari da safe suka tashi gida ya yi sanyi. Injin ya kashe kansa, don an yi shi da wani ɗan makunni da ke tsayar da shi in hayaƙi ya rasa hanyar fita. Da Orest ya tsaya nan, da abin ya zo da sauƙi.

"Tsoho, kira Marlene mana," in ji Nadia daga cikin bargo.

"In kira ta in ce me? In ce na kasa?"

Ya ɗauki akwatin kayan aikinsa ya sauka ɗakin ƙasa. Ya gano makunnin, ya yanke hukuncin shi ne ya lalace, ya tsallake shi da guntuwar waya. Injin ya tashi. Ya hauro yana goge hannu yana cewa, "Minti goma. Ita da sai ta kwana."

Yana shirin fita shan kofi, ƙararrawar falo ta fara ihu. Ya tsaya ya shinshina, bai ji warin komai ba. Sai ya ciro batirin ya jefa a aljihu, ya ce kayan zamani duk ƙarya ne. Ya ja ƙofa ya tafi, ya bar Nadia a kujerarta cikin ɗumi.

A daidai lokacin Marlene tana zagayenta. Hanya ɗaya kawai aka share ranar, kuma ta gaban gidan Orest ta bi. Ta sha alwashin ba za ta duba ba, amma ido ba ya jin magana. Ba tururi. Bututun ma ba ta gan su ba, sai tudun ƙanƙara.

Ta wuce. Ta ce a ranta injin zai kashe kansa, in sanyi ya ishe shi zai nemo ta. Har ta kai kwana, sai ta tuna Nadia da ƙugunta, zaune cikin gida mai sanyi saboda taurin kan wani. Ta yi tsaki, ta juya motar. Ta ce in zagi ne ya ƙara, ba ya tsiro a jiki.

Ta ƙwanƙwasa, shiru. Ta tura ƙofar, don mu nan ba ma kulle gida da rana.

Ɗumi ne ya buge ta a fuska. Nan take ta san akwai matsala, domin bututu a toshe bai kamata gida ya yi ɗumi ba. Kafin ta ɗaga ƙafa, 'yar na'urar awon iska da ke maƙale a rigarta ta fara ƙara.

Nadia tana kan kujera, saƙar ta faɗi ƙasa, idonta rabi a rufe.

"Gwaggo! Gwaggo Nadia, tashi!"

"Marlene ce? Kaina ke sarawa, 'yata. Bar ni in ɗan runtsa."

"Ba runtsawa yau. Riƙe wuyana."

Ta naɗe ta a bargo, ta ja ta har waje, ta sa ta a mota. Ta bar ƙofofi a buɗe, ta tona ƙanƙara da hannu ta rufe gas ɗin daga waje, sannan ta kira motar asibiti da 'yan kwana-kwana.

Can shagon kofi wani ya shigo ya ce wa Orest ga jar motar 'yan kwana-kwana a layinsu. Ya taho yana haki. Abin da ya fara gani ƙofarsa ce a wangale, sai ya ɗaga murya.

"Wane marar hankali ne ya bar mini ƙofa a buɗe cikin wannan sanyi?"

Sai ya juya ya ga Nadia a kan gadon motar asibiti, an rufe mata hanci da baki da robar iska. Ɗaya daga cikin 'yan kwana-kwanan ya fito daga gidan ya miƙa masa guntuwar wayar nan. Ina tsaye a wurin. Ban taɓa ganin mutum ya tsufa a minti ɗaya ba sai ranar.

Likita ta ce da an ƙara awa guda, da labarin ya sha bamban. Nadia ta kwana biyu a asibiti, Orest yana zaune gefen gadon da hula a hannu. A rana ta biyu 'yarsu ta kira daga birnin Winnipeg, ta ce ta gyara wa uwarta ɗaki, ta koma can da zama.

Nadia ta ajiye wayar ta dubi mijinta.

"Tsoho, shekara arba'in da bakwai kana cewa ka sani, ina cewa to. Ban taɓa musa maka a gaban mutane ba. Amma gidan nan ba zan ƙara kwana a cikinsa ba sai Marlene ta ce in shiga. Ita, ba kai ba. In kuma ba za ka iya zuwa wurinta ba, gaya mini yanzu in sa a zo a ɗauke ni."

Orest ya koma gida ya ɗauki shebur. Abin da ya jibga da murna, haka ya kwashe shi da gwiwoyinsa masu ciwo, yini guda. Na fito in taya shi, ya ce in bar shi. Da ya gama, ya taka har shagon Marlene, ya tsaya bakin ƙofa kamar baƙo.

"'Yata, na zo ne."

"Shigo, Baba, akwai sanyi."

"A gaban mutane na kore ki. Ke kuma kika dawo." Ya cire hularsa. "Saura kaɗan in kashe Nadia da hannuna. Ki yafe mini, ki zo ki duba gidan."

Da ni ce, Allah ya sani sai na ɗan ja masa rai. Marlene kuwa kujera ta turo masa.

"Ya wuce, Baba. Kuma ka sani, mahaifinka bai yi kuskure ba. Hayaƙinsa ta rufi yake fita, shi ya sa ya jibga ƙanƙara ya kwana lafiya. Naka ta bango yake fita. Gidan ne ya canza, ba a gaya wa al'adar ba."

Washegari Marlene ta zo gidan. Ta canza makunnin, ta duba injin ciki da waje, ta ƙara wa bututun tsayi, ta saka ƙararrawa biyu. Orest ne ya riƙe mata tocila, yana tambaya tana amsawa. Har ta ce masa bangon kudu da na yamma babu bututu babu komai, in yana so ya jibga abinsa can. Sai da ya yi murmushi.

Da yamma ya ɗauko Nadia daga asibiti. Ta sauko da sandarta, ta tsaya a filin gida, ta ƙi matsawa. Marlene ta zaga kowane ɗaki da na'urarta, ta fito ta tsaya bakin ƙofa.

"Gwaggo, iska lafiya lau. Shigo gidanki."

Nadia ba ta motsa ba. Ta juya ta dubi mijinta.

"Kai fa, Tsoho? Me ka ce?"

Orest ya sunkuyar da kai. "Abin da ta ce."

Sai Nadia ta miƙa masa hannu, ya riƙe ta, suka hau matakalar tare.

Darasi: Girman kai rawanin tsiya ne, kuma sau da yawa ba mai shi ke fara ɗanɗana kuɗarsa ba, wanda ke zaune kusa da shi ne. Shekaru ba sa hana ka koyo daga wanda ka girma, kuma wanda aka wulaƙanta ya dawo don alheri, shi ne babba. In kana da injin gas a gida, duba bututunsa duk bayan ƙanƙara. In ya kashe kansa, kada ka tilasta shi, kira gwani. In ƙararrawa ta yi kuka, ku fita waje tukuna. Ku tura wa iyayenku da maƙwabtanku wannan labari, musamman masu taurin kan cikinsu.