Dalilin Da Ya Sa Baƙin Tsuntsaye Ba Sa Ƙwai a Fadamarmu

Dalilin da ya sa tsuntsayen nan da ke cika fadamarmu da sanyi ba sa yin ƙwai a nan, shi zan gaya muku. Ladiyo, sauke ƙafarki, ba na magana ana wasa.

A da su ba baƙi ba ne, 'yan gida ne. Suna cinye mana fara a gonakin shinkafa, mu kuma mun bar musu tsibirin tsakiyar ruwa suna sheƙa. Sharaɗi ɗaya ne tsakaninmu: ba a sa wa ciyawar tsibirin wuta sai Sarkin Ruwa ya sauka da ƙafarsa, ya leƙa sheƙa ɗaya bayan ɗaya, ya ga duk 'ya'yan sun tashi.

Wata shekara aka naɗa wani Zangina Sarkin Ruwa. Ranar dubawa ya sa sabuwar rigarsa ta naɗi, ya shiga kwalekwale. Da ya iso ya ga taɓo har gwiwa, sai ya tsaya daga ciki ya ɗaga wuya.

Tsohon da ke tuƙa shi, Baba Talba, ya ce, "Ranka ya daɗe, ba a dubawa daga nan. Ubanka har rarrafe yake yi a ciyawar nan."

Zangina ya ce, "Ubana ba shi da riga irin wannan. Na duba, babu komai. A sa wuta."

Aka sa. Kafin la'asar ƙauri ya rufe gari, ba ƙaurin ciyawa ba. Tsuntsaye iyaye mata suka riƙa faɗawa cikin wutar, suna fitowa babu gashi.

Da toka ta huce, uwar tsuntsayen ta sauka a ƙofar Zangina, fiffikenta ɗaya a ƙone. Ta ce, "Sarki, sheƙa nawa ka leƙa?"

Ya dubi rigarsa.

Ta ce, "Ni huɗu na bari a tawa, biyu ko ido ba su buɗe ba."

Baba Talba ya durƙusa ya ce, "Uwa, laifin mutum ɗaya ne."

Ta ce, "Mutum ɗaya ya faɗa. Hannu nawa ya ɗauki wuta? Za mu riƙa zuwa, don 'ya'yanmu na kwance a nan. Amma ƙwanmu ba zai ƙara taɓa ƙasarku ba."

Suka tashi suka yi arewa. Da damina fara ta sauka, babu mai tsince ta. Zangina ya sayar da rigar ya sayi gero, bai kai shi kaka ba.

Shi ya sa har yau sai sanyi suke zuwa, su kewaya tsibirin suna kuka, su tafi kafin ruwa ya sauka. Turawa na tasowa daga nesa da madubin hangensu suna kallo, suna cewa abin sha'awa. Ta'aziyya suke kallo. Ku tambaye su ko wani ya taɓa ganin ƙwai ɗaya.

Gobe in na aike ku dubo kaji a akurki, ku sunkuya ku leƙa.