Masallaci a Kan Tankin Mai

An yi wani mutum mai gidan mai a bakin wata unguwa. Yana da tsohon tanki binne a ƙasa, tsatsa ta cinye gindinsa, fetur yana tsiyaya. Ya sani sarai.

A shekarar nan gwamnati ta ware kuɗi don duba tankunan mai. Ta ɗauki ma'aikata, ta saya musu na'urori, ta ce dubawa kyauta ce, wanda nasa ya lalace kuma za a tallafa masa ya sauya. Sharaɗi ɗaya ne, ya rufe gidan man har a gama aiki. Wannan rufewar ce ya ƙi.

Sai ya kira magina suka zuba siminti a kan murfin tankin, aka ja bango, aka shimfiɗa tabarmi, aka kafa famfon alwala. Ya ce masallaci ne ya gina saboda Allah. Ta bayan bango kuwa ya ja bututu, yana ci gaba da ɗura mai. Ma'aikata suka zo, ya nuna musu sauran tankunansa sababbi, suka wuce.

Ya 'yan uwa, wa mutumin nan yake yaudara?

Rijiyoyin unguwa suka fara warin fetur. Iyaye mata ne suka fara ganewa, don su ke yi wa jarirai wanka. Ƙuraje suka feso wa yara, ga gudawa. Wata mai jego ta yi wa mai gidan man magana, ya ce, "Baiwar Allah, sauya sabulu."

Ta ce, "Sabulun nawa ne ya shiga rijiyar maƙwabta?"

Matan ba su tsaya cacar baki ba. Kowacce ta ɗebi ruwan gidanta a bokiti, suka dire a ofishin masu dubawa. Ma'aikata suka dawo da na'ura, ta yi ta ƙara a ƙofar masallacin. Mutumin ya tare ƙofa yana ihu: "Ɗakin Allah za ku fasa?"

Ma'aikata suka yi cirko-cirko. Sai limamin unguwa ya buɗe famfon, ya shinshina, ya ce, "Ruwa mai wannan wari ba ya tsarki. Ashe har alwalarmu ka ɓata? Ku fasa."

Mai jegon nan ce ta miƙa musu diga.

Aka tono tankin, gindinsa kamar rariya. Aka ƙwace lasisin mutumin, kotu ta sayar da gidan man aka kwashe gurɓatacciyar ƙasar, aka jawo wa unguwa ruwa mai tsabta. Yara suka warke. Shi kuwa da ƙafa ya bar unguwar, ko mai riƙe masa jaka bai samu ba.

Darasin a fili yake: wanda ya ɓoye cuta a ƙarƙashin ibada ya tara zunubi biyu. Kuɗin da ake kashewa a duba tankuna kuma ba asara ba ne, lafiyar 'ya'yanmu ake saye. Uwa, ki shinshina ruwa kafin ki ba ɗanki. In kin ji wari, ɗauki bokiti ki tafi.

Allah ya kiyaye mu da zuri'armu, ya tsarkake mana ruwanmu da zukatanmu. Amin.