Binnen Kurciya

Ga ta nan, ga ta nan gare ku.

Ta iso mu sha labari.

Wata shekara ruwa ya makara. Ran Lahadi a majami'ar dabbobi, Kunkuru mai bishara ya ce, "'Yan'uwa, Ubangiji ya yi alkawari shuka da girbi ba za su ƙare ba. Ku je ku yi binne, ku bar masa sauran."

Kurciya gwauruwa ce mai 'ya'ya biyu, geron da ya rage mata ƙoƙo ɗaya ne. Ta binne shi a busasshiyar ƙasa tana hawaye. Maƙwabcinta Kurege ma ya binne nasa.

Bayan kwana uku Kurege ya ce, "Iya, mu tona mu gani, kada tururuwa ta kwashe."

Ta ce, "Binnewa aka ce, ba a ce mu tona ba."

Shi kuwa kullum sai ya tona, in ya ga ƙwaya ya jefa baki.

Ran na tara 'ya'yanta suka yi ta kukan yunwa, har ta je ta fara tono. Sai ta tsaya, ta ce, "Ubangiji, na riga na ba ka, ba zan karɓe ba." Ta mayar da ƙasa, ta tafi tsintar 'ya'yan ciyawa.

Da ruwa ya sauka, gonarta ta yi kore shar. Ta Kurege kuwa ramuka ne cike da ruwa.

Ya zo kai a sunkuye. "Iya, ni ma fa na gaskata."

"Ka gaskata, ɗana, hannunka ne bai yarda ba. Zo ka ciri dashe a tawa. Amma in ka dasa, ka wuce gida."

Ƙurunƙus, na ɗora ta bisa kan ɓera.