Shukar da Hassada ta Raya

Ku matso, yau shari'a na kawo muku, kuma kada wanda ya yanke mini hukunci kafin in kai ƙarshe.

Tsoho Cindo yana da lambu mai rijiya a bakin kwazazzabo. Kowace damina sai ruwa ya yagi gefen lambun, har ya rage taku goma ya cinye rijiyar. Ya tara 'ya'yansa uku, Sallau da Ilu da Barau, ya ce duk wanda ya rufe gangaren nan da shuka mai riƙe ƙasa, wadda ba ta neman ban-ruwa da rani, zai ba shi lambun kyauta tun yana raye.

Sallau, babbansu, ya yi tafiyar kwana huɗu ya samo dashe bakwai na wata 'yar shuka mai rarrafe, ya dasa a gangaren. Ba ta wuce gwiwa, ganyenta kore shar rani da damina. Amma mutumin naku manomin albasa ne, bai san wata kulawa ba sai ruwa. Ya ja mata hanyar ruwa daga rijiya, yana shayar da ita safe da yamma. Ganye ya soma rawaya, shi kuwa sai ƙara mata yake, saiwa tana ruɓewa bai sani ba.

Ilu ya ga kullum uban yana sa wa Sallau albarka, abin ya tsaya masa a rai. Da Sallau zai kai albasa Kudu, ya bar masa amanar shukar. Amana wa? Yana juya baya Ilu ya toshe hanyar ruwan da laka, wai ta bushe kowa ya huta. Ƙasa ta tsane, saiwa ta farfaɗo, shuka ta yi sabon toho.

Barau, autansu, da ya ga haka sai baƙin ciki ya hana shi cin tuwo. Ya ɗauki fartanya ya danne rassan a ƙasa, ya binne su, ya ɗora duwatsu don kada su ƙara ɗagowa. Ashe duk inda reshenta ya kwanta a ƙasa, nan yake yin saiwa. Kafin damina ta kankama, bakwai ɗin nan sun rufe gangaren kamar tabarma. Aka yi ruwa kwana uku, ko dunƙulen ƙasa bai zame ba.

Ranar rabo Sallau ya miƙe zai karɓa. Ilu da Barau kuwa, ko kunya babu, kowa ya faɗi abin da ya aikata, ya ce ba don shi ba da tuni rijiya tana cikin kwazazzabo. Sallau ya yi kuka don takaici, ya ce da mugunta suka yi.

Tsoho ya ce, "Gaskiyarka. Amma ni cewa na yi wanda ya rufe gangare, ban ce wanda ya so ta ba."

To, ku da kuke zaune: wanda ya kawo ta ya kusa kashe ta da ƙauna, ko biyun da suka raya ta da hassada, wa za a ba lambun?