Layi Ɗaya a Takardar Darakta

Ku gyara zama, ga wata shari'a da aka yi wa riƙon sakainar kashi.

A wata cibiyar bincike, mutum uku 'yan wucin gadi suka ƙera na'urar gano zazzaɓin cizon sauro wadda ke lissafi da haske. Faifan gilashi biyar ne a jere, kowanne da dubban ɗigo da aka sassaƙa. Haske ya ratsa ɗigon jini, faifai ya lanƙwasa shi ya miƙa wa na gaba, kamar yadda jijiyoyin ƙwaƙwalwa ke miƙa wa juna saƙo. In ya taru a dama, akwai cuta. In a hagu, babu. Batirin tocila ya ishe ta.

Barira ce ta yi lissafin. Shekara biyu tana nuna wa kwamfuta hotunan jini tana gyara mata kuskure, har ta fitar da inda kowane ɗigo zai zauna. Idonta ya lalace a kan haka, yanzu sai da tabarau.

Nazifi ya mayar da lissafin gilashi. Injin sassaƙa na cibiyar ya mutu, babu mai niyyar gyara shi, sai ya koma ga ruwan guba mai cin gilashi. Faifai casa'in ya ɓata kafin biyar su fito daidai. Har yau fatar yatsunsa ba ta koma ba.

Da aka kai na'urar asibitin ƙauye, sai ta fara ƙarya. Barira ta ce gilashin ne, Nazifi ya ce lissafin ne, suka yi mako ba sa gaisawa. Baba Mudi, mai kula da kayan ɗakin gwaji, wanda ko sakandare bai gama ba, shi ya lura cewa da hantsi gaskiya take faɗa, ƙaryar sai azahar. Zafi ne ke miƙar da ƙarfen da ke riƙe da faifan, su goce da abin da bai kai silin gashi ba. A cibiya akwai na'urar sanyaya ɗaki, shi ya sa masu digiri ba su taɓa gani ba. Baba Mudi ya sa na'urar tasu cikin randa, ya sa randar cikin wata, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi. Daminar nan yara arba'in da uku aka gano ciwonsu da wuri, duk suka tashi.

Nan aka yi abin kunyar. Darakta, wanda bai taɓa leƙa ƙauyen ba, ya kira Barira ya miƙa mata takarda mai layi ɗaya na rubuta suna. Aikin ya ƙare, in ji shi. Wanda aka rubuta a matsayin maƙerin na'urar shi za a ɗauka aiki na dindindin, sauran a sallame su ƙarshen wata.

“Ranka ya daɗe, mu uku ne,” in ji Barira.

“Ni ma na iya ƙirga, malama. Layin ɗaya ne.”

Ta fito ta tarar da su a baranda, ta faɗa musu. Nazifi ya ɗaga yatsunsa. “To, Farfesa, ga nawa digirin, sai ki duba.”

Baba Mudi ya ce, “'Yata, kada ki sa ni don tausayi. Amma kada ki cire ni don ba ni da takarda.”

Barira ta zauna da biro a hannu. Ta san ba don ita ba, babu abin da za a sassaƙa. Ta kuma san lissafinta shi kaɗai bai taɓa warkar da ko ɗan tsako ba.

Wanda ya ja layin nan ɗaya mutum ne, da rula ya ja shi, kuma wajibi ne a tilasta masa ya ƙara biyu. Ko a aji uku na firamare, in yara uku suka yi aiki tare, ba a ba ɗaya maki a kori biyu. Amma takardar ranar Litinin za a karɓe ta, kuma in ta koma babu suna, duka ukun za su tafi.

To, ku da kuka ji, sunan wa ya kamata Barira ta rubuta?